Hasashen kakar NBA

Hasashen kakar NBA shi ne kirdadon da 'yan jarida, masana lissafi, kamfanonin caca da shugabannin ƙungiyoyi kan yi kafin a buɗe babbar gasar ƙwallon kwando ta Arewacin Amurka, a kan yadda za ta kaya wa kowace ƙungiya. Gasar tana da ƙungiyoyi 30, 29 a Amurka, ɗaya a birnin Toronto na Kanada, kuma an raba su shiyya biyu, Gabas da Yamma. Kowace tana buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu, sannan 16 su shiga zagayen fitar da gwani da ke ƙarewa a Yuni. Yawancin hasashen yana fitowa a Satumba da farkon Oktoba, bayan ƙurar cinikin 'yan wasa ta lafa.

Yadda ake yin sa

Kamfanonin caca kan sa wa kowace ƙungiya adadin nasarori, misali 47.5, masu zuba kuɗi su zaɓi ko za ta haura ko za ta gaza. Ana sa rabin ne don kada a tashi canjaras. Wannan adadi ya ƙara yawo a bakin jama'a tun watan Mayun 2018, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar tarayya da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni.

Masana lissafi kuwa ba su cika dogara da yawan nasarorin bara ba. Sun fi duba ratar da ke tsakanin makin da ƙungiya ta ci da wanda aka ci ta, domin wasan da aka ci da maki ɗaya ko biyu akwai sa'a a ciki, sa'a kuwa ba ta cika maimaita kanta ba. Bill James ne ya fara wannan lissafi a wasan baseball, sannan Daryl Morey, wanda daga baya ya zama babban manajan Houston Rockets, ya daidaita shi da ƙwallon kwando a shekarun 1990. Ana haɗa shi da shekarun 'yan wasa da mintunan da ake sa ran kowa zai buga.

Akwai kuma ƙuri'ar jin ra'ayin manyan manajojin ƙungiyoyi, wadda shafin gasar ke wallafawa duk shekara tun 2002. Ba a yarda manaja ya zaɓi ƙungiyarsa ba.

Inda yake tuntuɓe

Hasashen ya fi ƙarfi wajen rarrabe manya da ƙananan ƙungiyoyi fiye da faɗin wanda zai ɗaga kofi, kuma kakar 2021–22 ta nuna haka ƙarara. Kashi 72 cikin ɗari na manajojin sun ba Brooklyn Nets kofin, Los Angeles Lakers na biye. Ba wauta suka yi ba: Brooklyn tana da Kevin Durant da James Harden da Kyrie Irving a lokaci guda. Sai Irving ya ƙi karɓar rigakafin korona, dokar birnin New York ta hana shi buga wasannin gida har zuwa Maris. Durant ya ji rauni a gwiwa a Janairu, Harden kuma ya koma Philadelphia a Fabrairu. Brooklyn ta ƙare da nasara 44, Boston ta fitar da ita a zagayen farko da ci 4–0. Lakers, duk da LeBron James da Anthony Davis da Russell Westbrook, wasa 33 kacal ta ci, ko ƙofar zagayen ba ta kai ba. Golden State Warriors ce ta ɗauki kofin, ƙungiyar da shekara biyu kafin nan ta ci wasa 15 cikin 65 a kakar da korona ta katse, bayan tauraronta Stephen Curry ya karye a hannu a wasa na huɗu.

Rauni shi ne babban abin da lissafin bai iya riƙewa, domin mutum biyar kawai kowace ƙungiya ke da su cikin fili, ɗan wasa ɗaya yana ɗauke da kaso mai yawa na ƙarfin ƙungiya. Wani lokaci kuma rashin tabbas ɗin yakan zama alheri. A Yulin 2018 shugaban Toronto Raptors, Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya ba da DeMar DeRozan ya karɓo Kawhi Leonard daga San Antonio, ɗan wasan da ya buga wasa 9 kacal a kakar da ta gabata saboda rauni. A Yunin 2019 Toronto ta doke Golden State ta ɗauki kofinta na farko. Daga wannan shekara zuwa 2025 babu ƙungiyar da ta ɗaga kofin sau biyu: Toronto, Lakers, Milwaukee, Golden State, Denver, Boston da Oklahoma City, kowace sau ɗaya.