Shin ƙananan tsuntsaye goyo ake yi musu su ƙetare teku?

An daɗe ana cewa ƙananan tsuntsaye ba sa iya doguwar tafiya, sai manya sun goya su. Duk wanda ya ga ƙanƙantarsu ba zai yi mamakin wannan zato ba.

Amma ga ɗan tsuntsun yashi, dangin zakaran ƙeƙuwa, wanda yawanci bai kai giram 100 ba. A tsaunukan Tibet da ke nahiyar Asiya yake ƙwai, ya ci lokacin sanyi a gaɓar tekun Indiya da gabashin Afirka. Da fikafikansa yake zuwa. Kafin ya tashi yakan ci tsutsotsi da ƙwari ya tara kitse, kitsen ne guzurinsa.

Masana kan sa wa irinsu zobe mai lamba a ƙafa. In ka ga mai zobe, ɗauki hoton lambar ka bincika inda aka sa masa.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.