Wa ke duba taswirar da ke cikin wayarmu?

Duk ɗan Zariya da ya taɓa bin taswirar waya zuwa cikin birni ya san tana iya nuna titi sumul a inda lungu ne da ko keke-napep ba zai ratsa ba.

Daga ina bayanan suke fitowa?

Yawanci daga hoton tauraron ɗan'adam, da na'urar GPS, da mutanen da ke zanawa da hannu. OpenStreetMap, wadda aka fara a Ingila a 2004, kowa na iya shiga ya zana hanya ko gini. Wannan ya sa take cika da sauri, shi kuma ya sa dole sai an bi aikin da dubawa.

Wane irin kuskure kwamfuta ke kamawa da kanta?

Na siffa da na lissafi. Manhajar JOSM, wadda ake zana taswirar OpenStreetMap da ita, tana da mai tantancewa da ke tsayar da kai kafin ka tura aiki: ga gini biyu sun hau kan juna, ga hanya ta ƙare dab da wata ba a haɗa su ba, ga titi ya tsallake kogi babu gada. Na biyun nan ya fi damuna, domin ido yana ganin hanyoyin a haɗe, amma manhajar da ke ba direba hanya za ta ɗauka babu mashiga, ta zagaya da shi nesa. Idan mara lafiya ne ake kaiwa asibitin koyarwa na Shika, wannan zagayen ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma juya lambobi. Zariya tana wajen digiri 11 arewa, 7.7 gabas. Idan mai shigar da bayani ya sa na baya a gaba, rijiyar burtsatsen Tudun Wada sai ta faɗa jihar Taraba. Idan aka bar gurbin babu komai ya zama sifili da sifili, sai ta faɗa cikin teku a Mashigin Gini.

Me ya sa tsohon awon fili ba ya zama daidai kan sabuwar taswira?

Tsofaffin taswirorin Najeriya an yi su ne bisa ma'aunin Minna, wato tsarin auna matsayin wuri na gida, GPS kuma yana aiki da na duniya mai suna WGS84. In aka ɗora ɗaya kan ɗaya ba a juya ba, wuri yakan goce da gomman mitoci, wanda ya isa ya kai fulotin mutum cikin na maƙwabcinsa. Ita wayar kanta, a fili mai sarari, kuskurenta kan kai mita biyar.

To me kwamfuta ba ta iyawa?

Ba ta san gaskiyar wuri ba. Tudun Wada akwai ta a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a Kano. Haka Sabon Gari. Mai zane da ke zaune a Turai yana ganin rufin gida, amma ba zai bambance makarantar allo da shago ba, gidan ƙasa kuma launinsa ɗaya da ƙasar da yake kai. Bai san Ƙofar Doka daga Ƙofar Gayan ba, bai san wace hanya ce ta bakin kogin Kubanni ke yankewa da damina ba. A tsarin aikin ƙungiyar HOT, mai zana taswirar OpenStreetMap don aikin agaji, ana raba yanki kashi-kashi, wani ya zana, wani gogagge ya duba kafin a amince. Tsari ne mai kyau, sai dai shi ma mai dubawar hoto yake kallo. A ganina aiki bai kammala ba sai wani ya taka da ƙafa ya tambayi mai unguwa.

Ni da ba masani ba fa?

Buɗe OpenStreetMap ka nemo unguwarku. In ka ga sunan da ba daidai ba, akwai wurin barin ɗan bayani a daidai wajen, ko ba ka iya zane ba. A Google Maps ma ana iya tura gyara. Ka rubuta abin da ka gani da idonka kawai, kada ka kwafo daga wata taswirar.