Kasadar Hajjin Ƙasa

Hajjin ƙasa ita ce tafiyar da maniyyata daga ƙasar Hausa suke yi zuwa Makka, a ƙafa ko bisa jakuna da raƙuma, ta Chadi da Sudan, kafin jiragen sama su karɓe jigilar tun daga wajen shekarun 1950. Tafiyar takan ci shekaru. Wanda ya ɗaura niyya yakan bar wasiyya, ya nemi gafarar dangi, wani har da likkafaninsa cikin kaya.

Hanya da haɗurranta

Ayari yakan tashi daga Kano ya bi ta Borno, ya ratsa Wadai zuwa Abeche, ya shiga Darfur ta Janaina da Fashir, sannan Kordofan. A nan ƙishirwa ta fi ɓarayi ban tsoro. Mutanen yankin sukan rarake cikin itatuwan kuka su tara ruwan damina, kuma da rani baƙo sai ya saya ko ya roƙa kafin ya jiƙa maƙogwaro. Agana da zazzaɓi sun kwantar da mutane da yawa, aka binne su a bakin hanya ba tare da labari ya koma gida ba. Isowar jirgin ƙasa Ubayyid, babban garin Kordofan, a wajen 1912 ta rage wahalar zango na ƙarshe.

Bahar Maliya ma ba ta da sauƙi. Mai takardu yakan bi ta tashar jiragen ruwa ta Sawakin a Sudan, a tsare shi a killace don binciken lafiya, ya haye zuwa Jidda. Marar guzuri kuwa sai ya shiga jirgin ruwa mai tafiya da iska na 'yan sumoga da dare. Wasu an sauke su a gaɓar da babu ruwan sha, wasu kuma, musamman yara, an sayar da su bayi a Hijaz. Wannan shi ne mafi ciwo a tarihin hanyar, kuma Saudiyya ba ta haramta bauta ba sai a 1962.

Waɗanda suka zauna

Bayan kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, suka kafa Mai Wurno a bakin kogin Shuɗin Nilu kusa da garin Sennar na Sudan a wajen 1906. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, maniyyata da dama sun tsaya ƙwadago don tara guzuri, har suka haifi 'ya'ya da jikoki a can. A Sudan ana kiransu Fallata, a Saudiyya kuma Takari. Masana sun saɓa kan yawansu.

A adabi

Waƙoƙin bege sun fi ba da ƙarfi ga ƙaunar Madina fiye da wuyar hanya, domin a wurin mawaƙan mutuwa a tafarkin hajji rabo ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda bai samu zuwa ba, ya buɗe waƙarsa ta Larabci mai suna Daliyya da fatan kai ziyara kabarin Annabi (SAW).

A yau

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya sake mai da Janaina da Fashir wuraren da matafiyi ba ya ratsawa lafiya.