Haɗaɗɗun gine-ginen masana'antu na ƙaramin layin dogo

Haɗaɗɗun gine-ginen masana'antu ƙananan samfurori ne na masana'anta, sito, rumbun hatsi, tashar wutar lantarki, wurin lodin kwal da makamantansu, waɗanda ake sayarwa an riga an harhaɗa su an yi musu fenti, don a girka su a gefen ƙaramin layin dogo. Shi ƙaramin layin dogo abin sha'awa ne da ya fi karɓuwa a Amurka, Jamus, Birtaniya da Japan: mutum ya shimfiɗa siririn layi a kan tebur ko a jikin bangon ɗaki, ya kewaye shi da duwatsu da garuruwa, ya riƙa tuƙa ƙananan jirage masu aiki da lantarki a kai. Ma'abota wannan harka sun kasa gine-gine kashi uku: wanda mutum ya ƙera da hannunsa tun daga tushe, wanda ya sayo gunduwa-gunduwa ya haɗa da gam, da haɗaɗɗe, wanda daga kwalinsa sai tebur.

Masana'anta ta fi gida ko coci daraja a kan teburin, domin ita ke ba jirgin kaya dalilin tsayawa. In babu ita, jirgi zagaye kawai zai yi ta yi.

Tarihi

Haɗaɗɗen gini ya girmi na gunduwa-gunduwa da shekaru masu yawa. Kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus, wanda ya nuna tsarin layinsa a bajekolin Leipzig a 1891, ya riƙa ƙera tashoshi da rumfunan kaya da gwangwani, ana like su da dalma, a yi musu fenti da hannu. Kamfanin Bing na Nuremberg ya bi sahu da gwangwanin da aka buga wa zane da inji, abin da ya sauko da farashi. Ba a damu da daidaiton girma ba a lokacin. Ƙofar tasha kan fi kan jirgi tsawo, wata kuma ko ɗan tsana ba zai shige ta ba.

A Amurka, kamfanin Lionel, da aka kafa a New York a 1900, shi ya fi kowa tura gine-ginen masana'antu gaba. Wajen ƙarshen shekarun 1920 ya fitar da tashoshin lantarki na ƙarfe, mafi girmansu mai lamba 840. Ba ado kaɗai aka yi su dominsa ba, an bar cikinsu fayau ne don a ɓoye taransifomar da ke ba layin wuta, wato ƙaramar tashar lantarkin ita ce ainihin mai ba da lantarkin. Daga 1938 kamfanin ya shiga yin gine-gine masu motsi. Ma'ajiyar kwal mai lamba 97 tana da sarƙar ƙananan bokitai da ke kwasar kwal na roba zuwa sama, ta zuba shi cikin tarago. Mai lamba 397 ta 1948 bel take amfani da shi, kuma ta yi suna wajen watsa kwal a kan tebur. Injin tsaga katako mai lamba 464, na tsakiyar shekarun 1950, dabara ce zalla: gungume ya shiga ta wannan gefe, katako ya fito ta wancan, alhali katakon tun farko mai wasan ne ya jera shi a ciki, gungumen kuma yana nan kwance a ɓoye.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu roba ta sauya kasuwar. Bachmann na Philadelphia ya fara jerin Plasticville a ƙarshen shekarun 1940, gine-ginen da bangonsu ke shiga juna ba tare da gam ba. A Jamus, 'yan'uwa biyu Edwin da Hermann Faller sun kafa kamfaninsu a 1946, suka zauna a Gütenbach. Da farko gamammun gine-gine na katako da kwali suke sayarwa, sai wajen tsakiyar shekarun 1950 suka koma ga roba ta gunduwa-gunduwa, wadda ta fi arha kuma ta fi sauƙin aikawa tunda a shimfiɗe take cikin kwali. Kibri da Vollmer da Pola duk hanyar da suka bi ke nan. Kusan shekara arba'in na gunduwa-gunduwa ne ke riƙe da kasuwa, haɗaɗɗe ya zama kayan yara. A wannan zamanin ne, wajen 1990, kamfanin Walthers na Milwaukee ya fara jerin Cornerstone, wanda ya ƙunshi mahaƙar kwal, rumbun hatsi, matatar mai har da masana'antar narka ƙarfe.

Abin da ya dawo da haɗaɗɗe shi ne komawar ƙira zuwa China a shekarun 1990 da farkon 2000. Haɗa gini da yi masa fenti aikin hannu ne, kuma a can ladan aikin bai kai na Turai da Amurka ba. Hornby na Birtaniya ya fito da jerin Skaledale wajen 2003, Bachmann na Birtaniya ya amsa da Scenecraft, Walthers ya riƙa sayar da wasu daga cikin gine-ginensa a haɗe, Woodland Scenics na jihar Missouri ya kawo jerin Built-&-Ready. Daga baya Menards, kamfanin kantunan kayan gini na jihar Wisconsin, ya shigo da manyan masana'antu masu fitilu, akasarinsu na sikelin O, wato ɗaya daga cikin ma'aunan girman samfuri da za a bayyana a ƙasa. A Japan, Kato da Tomix da Tomytec ke riƙe da kasuwar sikelin N.

Sikeli

Sikeli shi ne sau nawa aka rage abu daga ainihin girmansa. HO, wanda ya fi yaɗuwa, 1:87 ne a kan layi mai faɗin milimita 16.5. OO na Birtaniya 1:76 ne a kan wannan layin dai. N kuwa 1:160 ne a Amurka da nahiyar Turai, 1:148 a Birtaniya, 1:150 ga yawancin jiragen Japan. O shi ne 1:48 a Amurka, 1:45 a Jamus, 1:43.5 a Birtaniya. Z, da Märklin ya fitar a 1972, 1:220 ne.

Rubutun jikin kwali ba koyaushe yake faɗin gaskiya ba. Hanya mafi sauƙi ta gwada gini ita ce auna ƙofar shigar mutane. Ƙofa mai tsawon mita 2.1 za ta zama milimita 24 a HO, 13 a N, 44 a O na Amurka. Tsofaffin gine-ginen Turai da yawa da aka rubuta musu HO sun gaza haka, musamman a benayen sama. Irin waɗannan a bayan tebur ake ajiye su, inda ƙanƙantarsu ke sa ido ya ɗauka nisa ne.

Babu masana'antar da ake ragewa daidai da lissafi. Mai tsawon mita 300 za ta ci kusan mita uku da rabi a HO, bututun hayaƙi mai mita 60 kuma santimita 69. Don haka masu ƙira kan rage yawan tagogi da tsawon bango, su bar girman ƙofa da bulo yadda yake. Matsalar da ke biyo baya sananniya ce: masana'antar da tarago ɗaya zai iya kwashe ta dungurungum. Maganinta shi ne rabin gini, wato fuskar masana'anta mai kaurin santimita 2 zuwa 5 da ake jinginawa a bangon baya, ko kuma a jera gine-gine biyu uku masu fenti iri ɗaya su zama kamfani guda.

Kayan ƙira

Mafi yawansu robar polistirin ce da ake matsawa cikin mazubin ƙarfe. Ba ta da nauyi, tana yankuwa da wuƙa, kuma gam mai narkar da roba yana kama ta. Na biyu shi ne rezin, ruwan roba da ake zubawa a mazubi ya daskare, wanda da shi ake yin Skaledale da Scenecraft. Zanen dutse da bulo ya fi fitowa a rezin, amma yana da nauyi, yana fashewa in ya faɗi, kuma gindinsa kan zo a karkace. Gam ɗin polistirin ba ya kama shi, sai sufa-gulu ko gam mai haɗi biyu. In za a goge gindin, a jiƙa takardar yashin da ruwa a kuma rufe hanci, don ƙurarsa na da illa ga huhu.

Akwai kuma na kwali mai kauri da siririn katako da ake yankawa da hasken leza.

Girkawa a gefen layi

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: an kafe layi kafin gini ya iso. Ƙa'ida ita ce a ajiye ginin, a jera taragai a gabansa, sannan a zana inda reshen layi zai bi.

Tazara ce farko. Ƙungiyar NMRA ta Amurka, da aka kafa a 1935, tana da ɗan ma'aunin ƙarfe da ake ɗorawa a kan layi don a ga ko wani abu zai taɓa jirgi. A Turai ƙa'idojin NEM ke wannan aiki. A HO, a miƙaƙƙen layi, ana barin kimanin milimita 26 daga tsakiyar layi zuwa bango, da kimanin 76 daga kan dogo zuwa duk abin da ya gitta ta sama. Taragan zamani masu ɗaukar kwantena biyu a kan juna sun fi taragan da aka saba tsawo. A kan kwana kuwa lissafin ya canza, domin dogon tarago cikinsa kan shigo ciki, kusurwoyinsa su fita waje. A kwana mai inci 18 daga tsakiyar da'ira zuwa layi, sai an gwada da tarago mafi tsawo, a tura shi da hannu a hankali.

Sai tsayin dakalin lodi. A zahiri dakalin yana daidai da ƙasan tarago, wajen mita 1.2 daga kan dogo, wato milimita 14 a HO. Amma galibi ana ɗora layin a kan shimfiɗar kok, wato ɓawon itace mai laushi, mai kaurin milimita 5 a HO, ko 3 a N, shi kuwa ginin yana zaune a kan tebur. Sakamakon haka dakali ya nutse, ƙofar tarago ta buɗe a saman kan ma'aikata. Ko dai a sa wa ginin matashi mai kaurin shimfiɗar, ko a sauko da reshen layin zuwa kan tebur a hankali cikin tsawon santimita 30 ko fiye. Na biyun ya fi kama da gaskiya, tunda rassan masana'antu a ƙasa da babban layi suke. In gangaren ya yi tsanani, maƙatan taragai kan zame su rabu.

Tazarar ƙofofi ita ma abin dubawa ce. Tarago mai tsawon ƙafa 40 santimita 14 ne a HO, mai ƙafa 50 kuma 17.5, ban da maƙata. Siton da aka jera ƙofofinsa don masu ƙafa 40 ba zai dace da masu ƙafa 50 ba: na farko ya tsaya daidai, na biyu ya fuskanci bango. Rumbun hatsi da mahaƙar kwal suna da nasu sharaɗin. In bakin zuba kaya ɗaya ne, kowane tarago sai ya wuce ta ƙarƙashinsa, saboda haka layin da zai loda taragai uku yana buƙatar tsawon kusan shida.

Ba a manna gini da tebur. A zana gindinsa da fensir, a manna siraran katako huɗu ta ciki su riƙe shi, yadda za a iya ɗaga shi don share layi. Baƙin layin inuwa da ke bayyana tsakanin bango da ƙasa shi ke tona asirin samfuri. Ana rufe shi haka: a naɗe gindin ginin da leda, a zaunar da shi, a tura yashi da garin ciyawa har jikin bango, a ɗiga farin gam da aka tsinka da ruwa rabi da rabi, a bari ya kwana, sannan a zare ledar.

Fitilu

Tsofaffin ƙwayayen fitila masu zafi kan lanƙwasa rufin roba, shi ya sa LED ta maye gurbinsu. Farar LED tana shan kimanin volt 3. A kan wutar volt 12, rizista, wato ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta, mai ohm 1,000 zai ba ta miliamfiya 9, wanda ya ishi ɗakin masana'anta. Mai 2,200 ya fi dacewa da fitilar bakin ƙofa. Gine-ginen Menards volt 4.5 suke so daga adaftarsu, na Woodland Scenics kuma suna da nasu tsarin mai suna Just Plug. Wanda ya jona ɗayansu kai tsaye da bakin taransifomar jirgi, mai ba da volt 14 zuwa 18, ya ƙone fitilun nan take, kuma a haɗaɗɗen gini isa gare su sai an ɓalle rufi.

Siririn bango kan bar haske ya ratsa, ginin ya yi ta walƙiya kamar fitilar ƙwai. Ana shafa baƙin fenti ta ciki, ko a zura baƙin kwali in hannu ba ya shiga.

Tsofar da gini

Sabon gini yana sheƙi, masana'antar gaske kuwa ba ta yi. Ana fara wanke shi da ruwan sabulu kaɗan in ba shi da wayar lantarki, a rufe tagogi da tef, a fesa masa siririn banish marar sheƙi. In ya taɓa gilashi ya dusashe ke nan. Don fito da layin siminti tsakanin bulo, a tsinka fenti mai ruwan toka, a shafa, a goge saman da tsumma kafin ya bushe. Dauɗar hayaƙi kuwa, ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na baƙar tawadar Indiya cikin rabin litar sifirit ya isa, a ja burushi daga sama zuwa ƙasa yadda ruwan sama ke gangarowa. Sifirit a kan wasu nau'o'in banish yana barin farin hazo, wanda sake fesa banish ɗin ke gusarwa. Tsatsar kwano da ta tankuna da garin allin zane mai ruwan ƙasa ake yin ta. A gwada komai a bangon baya tukuna, domin fentin kamfani wani lokaci yana narkewa.

Tururin sufa-gulu yana farar da tagogi. In gilashi ya ɓalle, farin gam ake amfani da shi.

Saɓani

Wasu tsofaffin hannu na ganin haɗaɗɗe ya rage ƙwarewa, ya kuma sa tebura suka zama iri ɗaya. Masu goyon bayansa na cewa ya buɗe ƙofa ga marasa lokaci da waɗanda ido ko hannu ya fara gazawa. Masu tara tsofaffin kaya kuma ba sa taɓa fentin asali, domin ginin Lionel ko Märklin na gwangwani da aka sake wa fenti darajarsa faɗuwa take, kuma kwalinsa na asali kan ƙara masa kuɗi.