Jakunkunan Kaya na Keken Doguwar Tafiya

Jakunkunan keke su ne waɗanda ake ɗaurawa a jikin keke domin ɗaukar guzuri da kayan matafiyi, maimakon ya goya su a bayansa. Manyan nau'o'insu biyu ne. Akwai ƙaramar jakar da ake maƙalawa a kan keke, wato ƙarfen da mahayi yake riƙewa, sai kuma tagwayen jakunkuna da ake ratayawa dama da hagu a jikin kariya, kamar yadda mangala take zama a bayan jaki. A ƙauyukan Kano da Jigawa, inda har yanzu ake cin kasuwar Wudil ran Juma'a, ta Maigatari ran Alhamis, ta Dambatta ran Lahadi a kan keke, ɗora kaya ba baƙon abu ba ne. Sai dai abin da aka saba shi ne a jibga buhu a saman kariya a ɗaure da robar tsohon tub. Wannan yana kai mutum kasuwa ya dawo, amma ga tafiyar kwanaki yana wahalar da mahayi da keken baki ɗaya, domin nauyin yana sama, keken kuma yana rangaji.

Kariya

Kafin a yi maganar jaka, kariya ake fara dubawa, domin ita ce ke ɗauke da komai. Yawancin kariyoyin da ake sayarwa don kekunan tafiya an yi su ne su ɗauki kusan kilo 25, kuma sau da yawa an buga adadin a jikinsu. Tsofaffin kekunan da aka sani a nan, irin su Raleigh na Ingila, Phoenix na Sin da Hero na Indiya, suna zuwa da kariyar ƙarfe mai ƙarfi, wasu kuma sukan kai wa mai walda ya ƙara mata rodi. Ƙarfe ya fi alminiyam nauyi, amma idan ya tsage, mai waldan kowane gari zai iya ɗinke shi. Alminiyam kuwa sai an nemi wanda ya iya, kuma ba a ko'ina ake samunsa ba. Abin da kariyar kasuwa ta rasa shi ne ƙarfen gefe da zai tare jaka kada ta faɗa cikin wili. In babu shi, sai a sa a yi.

Jakar mangala

Tagwayen jakunkunan baya na kamfani sukan ɗauki kimanin lita 40 su biyun, waɗanda ake ratayawa a gefen tayar gaba kuma kimanin lita 25. A bayan kowacce akwai faranti mai tauri da ke hana ta lanƙwasa, da ƙugiyoyi biyu a sama masu kama kariya, da ɗaya a ƙasa mai hana ta lilo. Wannan ta ƙasan ita ce aka fi rainawa, ita ce kuma mafi muhimmanci a hanyar burji mai gargada. Jakar da ke lilo tana iya shiga tsakanin wayoyin wili ta tsayar da keke nan take.

Abu biyu ake gwadawa kafin a biya kuɗi. Na farko, a rataya jakar a cika ta, a hau a juya feda: idan diddige yana dukanta, sai a matsar da ita baya, in ba ta matsu ba to ba ta dace da keken ba. Na biyu shi ne bakin ƙugiya. Yawancin ƙugiyoyin jakunkunan waje an yi su ne don bututu mai zagaye wanda kaurinsa bai wuce milimita 16 ba, alhali kariyar kekunan kasuwa sau da yawa falalen ƙarfe ce ko rodi mai kauri. Mutum zai iya kashe kuɗi mai yawa a kan jakar da ba za ta taɓa zama daidai a kekensa ba. Shi ya sa jakar da aka ɗinka a haɗe, wadda ake yarfawa a saman kariya ta sauko gefe biyu a ɗaure ta da maɗauri, ta fi dacewa da irin waɗannan kekuna.

Jakar gaba

Wannan ita ce ƙaramar da ake maƙalawa a ƙarfen da mahayi yake riƙewa, lita 5 zuwa 8, kuma bai kamata abin da ke ciki ya haura kilo 5 ba. Ƙasa da haka ma ya fi. Wurin waya ne da kuɗi da katin shaida da tocila da ɗan dabino ko ƙuli-ƙuli. Mai kyau ita ce wadda ake cirewa da hannu ɗaya a rataya a kafaɗa idan an tsaya sallah ko cin abinci. Nauyi a wannan jaka yana sa juyawa ta yi tauri, kuma a cikin rairayi, kamar na arewacin Jigawa wajen Gumel da Maigatari, tayar gaba mai nauyi nutsewa take yi ta kwashe mahayi. A keke mai birkin sanda kuma a lura sosai, domin sandunan birkin a gaban kan suke, kuma jakar da ta danne su tana iya hana birki kamawa.

Yadi da ɗinki

Kamfanin Ortlieb na Jamus, wanda aka kafa a 1982, ya yi suna da jakar da ruwa ba ya shiga: ba a ɗinka ta da allura, manne gaɓoɓinta ake yi, bakinta kuma naɗe shi ake yi sau uku a ɗalle. Carradice na Ingila tun shekarun 1930 yake yin nasa da yadin auduga mai kauri da aka shafe da kakin da ke korar ruwa. Kowanne da amfaninsa. A damina, daga Yuni zuwa Satumba, musamman a fadamun Haɗeja, mai naɗin baki ta fi. Har a hunturu ma ta fi, domin ƙurar da ke cinye zik ba ta da abin da za ta yi mata. Ta auduga kuwa tana barin iska ta ratsa, abinci ba ya saurin gumi a ciki, kuma duk baduku zai iya yi mata faci.

Waɗannan jakunkuna suna da tsada, ba kuma a samunsu a kasuwannin ƙauye. Mai ɗinkin tamfol zai iya yin wadda za ta yi aiki sosai, muddin aka nuna masa abin da ake so: a ninka ɗinki a inda maɗauri yake, a saka falle mai tauri a baya (gefen tsohuwar jarka da aka yanke yana yi), a yanke kusurwar gaba ta ƙasa saboda diddige, a yi murfi mai saukowa sosai. Tun da ramin allura yana yoyo, sai a zuba tufafi da takardu a leda kafin a saka. Yadi mai santsi ya fi mai gashi-gashi, wanda ƙarangiya ke mannewa a jikinsa a hanyar gona.

Shirya kaya

Mai nauyi a ƙasa, kusa da wili, kuma dama da hagu su yi kusan daidai. Ruwa ne ya fi komai nauyi, domin kowace lita kilo ɗaya ce, don haka raba shi gora biyu, ɗaya a kowane gefe, ya fi jarka guda a saman kariya. Saman kariyar na abu mara nauyi ne, kamar tabarma da gidan sauro da bargo. Famfo da faci da sholisho da sifana su kasance a inda hannu zai kai ba sai an zazzage jaka ba, domin ƙayar aduwa da tsidau ba sa barin taya ta huta. Notocin kariya kuma girgizar hanya tana kwance su a hankali, saboda haka ake bin su da sifana kowace safiya kafin a tashi, a kuma riƙe biyu ko uku na ko-ta-kwana a aljihun jaka.