Wasiƙar rakiyar takardu

Wasiƙar rakiya gajeriyar wasiƙa ce da ake ɗorawa a saman takardun da za a aika wa wani ofis, kamfani ko banki. Tana bayyana abin da aka aiko, da wanda ya aiko, da abin da ake so mai karɓa ya yi da shi. Ba ita ce wasiƙar neman aiki ba, ko da yake mutane kan ɗauke su abu ɗaya. Babban amfaninta shi ne zama shaida: idan daga baya aka ce takarda kaza ba ta iso ba, ita ake buɗewa.

A Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwarta na Shika da Kwalejin Nuhu Bamalli ke hulɗa da 'yan kwangila da masu kawo kaya daga Sabon Gari da Tudun Wada, kusan kowace takardar neman biya ko ta neman kwangila da rakiyarta take shiga. Yawancinsu da Turanci ake bugawa, amma tsarin bai canzawa in da Hausa ne.

Ana bugawa a takardar A4 mai ɗauke da sunan kamfani da adireshinsa, kuma kada ta wuce shafi ɗaya. Daga sama akwai lambar fayil da kwanan wata. Ya fi kyau a rubuta sunan watan, domin 3/4/2025 uku ga Afrilu ne a Najeriya, a Amurka kuwa huɗu ga Maris. Sai adireshin mai karɓa, wanda ake rubutawa da muƙaminsa, kamar Magatakarda ko Ma'aji, don in an sauya wa mutumin wurin aiki wasiƙar ba ta bi shi ba. Ma'aikaci mai rubuta wa shugabanni yakan bi ta hannun shugaban sashensa, shi ma ya sa hannu. Bayan gaisuwa sai kanun magana a layi guda, tare da lambar kwangilar ko ta wasiƙar da ake amsawa. Idan babu wannan lamba, akawun rajista ba ya sanin fayil ɗin da zai saka ta, sai ta kwanta a tire.

Jerin takardun shi ne zuciyar wasiƙar, kuma nan aka fi yin sakaci. "Ga takardun da kuka nema" ba ya kare kowa. Kowace takarda a ba ta lamba, a faɗi sunanta da kwanan watanta da yawan shafukanta, a kuma nuna ko asali ce ko kwafi. Misali: takardar neman biya, asali, mai shafi 1; shaidar karɓar kaya mai sa hannun jami'in sito, asali, mai shafi 2; shaidar rajistar kamfani, kwafi; shaidar biyan haraji ta shekaru 3, kwafi. A jera su a ambulan yadda suka zo a wasiƙar. In akwai asalin da ake son a maido, a faɗa ƙarara, in ba haka ba za a huda shi a ɗaure a fayil.

Daga nan sai buƙata, da ranarta: a sa hannu a kwafi biyu a maido ɗaya kafin ranar kaza. Kalmar "da gaggawa" ba ta motsa kowa a ofis. A ƙarshe mai ikon sa hannu ya sa, da sunansa da muƙaminsa da lambar waya, sannan a ambaci waɗanda aka ba kwafi.

Ana buga wasiƙar kwafi biyu. Masinja ya miƙa ɗaya da takardun, ɗayan kuma a buga masa hatimin karɓa, da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa, ya dawo da shi. Kwafin da babu hatimi tamkar ba a kai ba ne. Idan ta gidan waya ko kamfanin aika saƙo aka tura, rasit ɗin da lambar bin sawu su ake maƙalawa a kwafin ofis. Ta imel kuwa, jikin saƙon ne rakiyar, kuma sunayen fayilolin PDF su dace da jerin.

A neman kwangilar gwamnati akwai tarko guda. Inda aka ce bayanan ƙwarewa da na kuɗi su zo a ambulan daban-daban a rufe, ba a ambaton farashi a rakiyar ambulan na farko, domin hakan na iya sa a cire kamfani tun kafin a duba takardunsa.