Doki na cin abincinsa amma kashinsa ya yi ruwa

Kowace shekara da ruwan farko ya sauka a Tawa, masu dawaki kan zo ofishinmu da magana ɗaya: "Malam, dokina lafiyarsa ƙalau, yana ci yana sha, sai dai kashin ya ƙi ɗaurewa." Mafi yawansu allura suka zo nema. Ni kuwa tambayata ta farko ita ce: me ya canza a barga?

Doki ba ya tuƙa kamar saniya. Ciyawar da ya ci sai ta isa babban hanji kafin ƙwayoyin halittar da ke zaune can su narkar da ita, su kuma ba sa son sauyi na farat ɗaya. Dokin da ya yi rani kan harawa da kara, aka sake shi kan ɗanyar ciyawar watan Yuli, cikinsa zai saki. Haka in aka ƙara masa gero ko dusa don hawan salla, ko aka cika masa kanwa. A riƙa haɗa sabon abinci da tsoho kaɗan-kaɗan, kwana 7 zuwa 10.

Abin da ya fi damuna a ƙasarmu ta Adar shi ne rairayi. Muna zuba wa doki ciyawa a ƙasa gindin turke, yana ci yana haɗiyar yashi, yashin ya kwanta a hanji yana gurzarsa har ruwa ya kasa tsotsuwa. Gwajin ba ya cin ko dala: ɗebi kashin da bai taɓa ƙasa ba, ka jiƙa shi da ruwa cikin farar leda, ka rataye ta. Bayan ɗan lokaci ka taɓa gindin ledar. In ka ji yashi, daga ranar abinci ya koma cikin komi ko rabin tano. Rashin ganin yashi sau ɗaya ba ya wanke dokin, a sake gwadawa wata rana.

Dubi kashin da kyau kuma. Dogayen zaren ciyawa ko hatsi da ya fito ɗungurungum alama ce ta matsalar haƙori, musamman ga tsohon doki. Sai tsutsar ciki da ita ma kan saki kashi, wadda maganinta ake auna shi da nauyin dabba, ba da ido ba.

Don Allah a bar sayen allurar kashe ƙwayoyin cuta a kasuwa ana tsira wa doki. Irin wannan magani na iya kashe ƙwayoyin hanjin masu amfani, ƙaramin zawo ya koma mai kisa. Kada kuma a rage masa ruwa wai don kashin ya ɗaure. Doki na shan lita 25 zuwa 45 a yini, da zafi ma ya fi haka.

Zafin jikin doki mai lafiya yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5. In ya wuce haka, ko ya bar ci, ko yana birgima yana waiwayen cikinsa, ko dasashinsa ya bushe ya yi ja, ko kashin ya zama ruwa tsantsa mai wari ko jini, a ware shi daga sauran dabbobi a kira likitan dabbobi a ranar. Ɗan doki mai shan nono kuwa ba a jira da shi ko kwana ɗaya.